Turancin Ofis: Tambayoyi da Amsoshi kan Bayanin Tsarin Kamfani da Muƙaman Ma'aikata

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu koyon Turancin kasuwanci, musamman waɗanda ke jin Turanci daidai gwargwado amma harshensu ke sarƙewa da zarar an ce su yi bayanin aikinsu. An fara da masu sauƙi, masu zurfin suna can gaba. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Ina jin Turanci. Me ya sa sai na koyi wannan daban?

Saboda karatu daban, hira daban. Mutum zai karanta jarida ya fahimta sarai, amma a zaunar da shi gaban baƙo a ce ya faɗi abin da yake yi a wurin aiki, sai ya shiga kame-kame. Sauƙin abin shi ne fagen ba shi da faɗi. Kusan duk hirar tana zagaye ne a kan tambayoyi huɗu: me kamfaninku yake yi, a wane sashe kake, me aka ɗora maka, kuma wa ke samanka, wa ke ƙasanka. Wanda ya iya amsa waɗannan ba gargada, ya kuma iya jefa wa wani su, ya ci rabin aikin.

2. Shin in fara da haddace sunayen muƙamai?

A'a. Nan ne akasari ake ɓata lokaci. Sunayen muƙamai canzawa suke yi daga wannan kamfani zuwa wancan, wasu ma yaudara gare su, kamar yadda za a gani a amsa ta 10. Abin da ba ya canzawa shi ne aikatau da 'yan jimlolin da ake bayyana aiki da su. Fara da waɗannan: *be responsible for*, *be in charge of*, *report to*, *deal with*, *work closely with*, *run*, da *oversee*. Da su kaɗai za ka iya bayanin kowane aiki, ko da ba ka san sunan muƙamin ba.

Akwai 'yan tarkuna a cikinsu. Bayan *responsible for*, aikatau yana ɗaukar *-ing* ne: *I'm responsible for training new staff*. Idan ka sauya *for* da *to*, ma'ana ta juye, domin *responsible to* yana nuna wanda kake ƙarƙashinsa ne. Shi kuma *in charge of* ya fi nauyi. Yana nufin wuƙa da nama suna hannunka a wannan fanni. Kada ka faɗe shi a kan aikin da kake taimakawa kawai, don wata rana za a zo maka da takardar da ba ka da ikon sa mata hannu.

3. Idan aka ce min *What do you do?* me zan ce?

Da farko, sana'arka ake tambaya. *What are you doing?* ita ce tambayar abin da kake yi a wannan lokacin. Amsa mai kyau tana da hawa uku: kamfani, sashe ko muƙami, sannan jimla ɗaya da ke nuna amfanin aikinka. Ga yadda takan kasance a wurin taro, ana tsaye ana jiran a shiga zaure:

*So, what do you do?*
*I work for a shipping company. I'm in the accounts department. Basically, I make sure our suppliers get paid on time. What about you?*

Jimla ta uku ita ce ran amsar. Da ya tsaya a kan *I'm an accountant*, da hira ta mutu a nan. Amma da ya ce shi ke tabbatar da an biya masu kawo kaya a kan lokaci, ya ba abokin hira abin kamawa. Ka lura kuma da *an* ɗin nan kafin *accountant*. Hausa ba ta da irinsa, shi ya sa yake yawan zamewa, kuma kunnen mai sauraro yana kama giɓin nan take. Batun lokaci ma haka: aikin kullum *I manage*, aikin da ke hannu yanzu *I'm working on*, tsawon zama a wuri kuwa *I've worked here since 2021* ko *for four years*. Ba a cewa *I am working here since*.

4. Yaushe ake cewa *work for*, *work at*, *work in*, ko *work with*?

*For* na kamfanin da ke biyanka albashi ne ko mutumin da kake yi wa aiki. *At* na wurin ne, kuma yakan maye gurbin *for* idan an ambaci sunan kamfani: *I work at Toyota*. *In* na sashe ne, ko fanni, ko gari: *in marketing*, *in banking*. *With* na abokan aiki ne. Idan ka ce *I work with Toyota*, mai sauraro zai iya ɗauka kai ɗan kwangila ne ko abokin hulɗarsu.

5. Su wa ke can saman kamfani, kuma yaya ake bayanin su?

Hawa uku ne. Masu hannun jari, wato *shareholders*, su ne masu kamfanin. Su ke zaɓen kwamitin daraktoci, *the board of directors*, yawanci a babban taron shekara-shekara da ake taƙaitawa da *AGM*. Kwamitin shi ke naɗa babban jami'in gudanarwa, wato *CEO*, ya sa masa ido, ya kuma sauke shi idan ta kama. A jimla ɗaya: *The shareholders elect the board, and the board appoints the CEO.* Ana cewa mutum *sits on the board*, ko *is on the board*. *In* ba ya shiga nan.

Daraktocin iri biyu ne. *Executive directors* ma'aikatan kamfanin ne na cikakken lokaci. *Non-executive directors* daga waje suke, suna halartar zama su ba da shawara su bincika, amma ba sa shiga harkar yau da kullum. Idan da kamfanin Jamus kake hulɗa, za ka tarar da kwamiti biyu: *management board* mai gudanarwa da *supervisory board* mai sa ido. Wata doka ta 1976 ta ba wakilan ma'aikata rabin kujerun kwamitin sa idon a kamfanonin da ma'aikatansu suka haura 2,000. Don haka idan Bajamushe ya ce *the board*, babu laifi ka tambaye shi wanne daga ciki.

6. *CEO*, *Managing Director*, *President* da *Chairman* duk abu ɗaya ne?

Biyun farko kusan ɗaya ne: *Managing Director* tsohon salon Birtaniya ne da ƙasashen da suka gaji tsarinta, *CEO* kuma daga Amurka ya bazu har ya mamaye ko'ina. *President* a kamfanin Amurka wani lokaci shi ne *CEO* ɗin, wani lokaci kuma na biyunsa ne. *Chairman*, da yanzu aka fi cewa *Chair*, shugaban kwamitin daraktoci ne da aka yi bayani a amsa ta 5. A Birtaniya, tun rahoton kwamitin Cadbury na 1992, an fi son a raba kujerar *Chair* da ta *CEO* tsakanin mutum biyu, don kada mutum ya zama shi ke sa wa kansa ido. A Amurka haɗa su ba baƙon abu ba ne: Mark Zuckerberg yana riƙe da duka biyun a Meta, haka ma Jamie Dimon a bankin JPMorgan Chase.

Ƙarƙashin *CEO* akwai sauran masu harafin *C*: *CFO* na kuɗi, *COO* na tafiyar da ayyuka, *CTO* na fasaha. A dunƙule ana ce musu *the C-suite* ko *senior management*.

7. Waɗanne sassa ne ya kamata in san sunayensu?

Waɗanda ba a rasa su a yawancin kamfanoni: *Human Resources* mai ɗaukar ma'aikata da kula da sha'aninsu, *Finance* ko *Accounts* na kuɗi, *Sales* na sayarwa, *Marketing* na nazarin kasuwa da talla, *Production* ko *Operations* na ainihin aikin, *Purchasing* ko *Procurement* na sayo kaya, *R&D* na bincike da ƙirƙira, *IT* na kwamfuta, *Legal* na shari'a, da *Customer Service* mai sauraron abokan ciniki. A hira akan yar da kalmar *department*: *She's in Sales*, *Ask HR*. Kowane sashe ka koya, haɗa shi da aikatau ɗaya daga amsa ta 2, misali *Procurement deals with suppliers*.

8. Me *Ltd*, *plc*, *Inc.* da *LLC* suke nufi? Kuma *public company* na gwamnati ne?

Dukkansu suna nuna abu guda: bashin kamfani ba ya bin mai hannun jari har gida. Idan kamfanin ya durƙushe, asararsa ta tsaya a kan abin da ya zuba. Wannan shi ne *limited liability*. A tsarin Birtaniya, *Ltd* kamfani ne da ba ya tallata hannun jarinsa ga jama'a, *plc* kuma yana da izinin yin haka, kuma sai jarinsa ya kai aƙalla fam 50,000. *Inc.* da *LLC* na Amurka ne. Jihar Wyoming ce ta fara kafa dokar *LLC* a 1977. A Jamus za ka ga *GmbH* da *AG*, a Faransa *SARL* da *SA*.

Game da *public company* kuwa, amsar ita ce a'a, kuma wannan kuskure yana jawo ruɗani sosai. *Public company* kamfani ne da jama'a ke iya sayen hannun jarinsa. Idan yana kasuwar hannun jari sai a ce *listed*. Na gwamnati shi ne *state-owned*. Abin da ke rikita mutane shi ne *public sector*, wanda shi kam ɓangaren gwamnati yake nufi. Mai kasuwanci shi kaɗai *sole trader* ne a Birtaniya, *sole proprietor* a Amurka, haɗin gwiwar mutum biyu ko fiye kuma *partnership*.

9. Mene ne bambancin *parent company*, *subsidiary* da *branch*?

*Parent company* shi ne uwar kamfani mai riƙe da ragamar wani. *Subsidiary* shi ne wanda ake riƙe da shi, amma a idon doka kamfani ne mai zaman kansa, da rajistarsa da daraktocinsa. *Branch* reshe ne kawai, ba shi da wani matsayi daban da na kamfanin. Misalan da kowa ya sani sun fi saurin zama a kai: tun 2015 Google yana ƙarƙashin Alphabet, don haka *Google is a subsidiary of Alphabet*. Facebook ya sayi Instagram a 2012 da WhatsApp a 2014, sannan uwar kamfanin ta koma Meta a 2021: *Meta owns WhatsApp*, ko *WhatsApp is owned by Meta*. Idan hedikwata za ka ambata, *We're based in* ya fi sauƙi a baki, kuma ya wadatar.

10. Waɗanne muƙamai ne ke yaudarar mai koyo?

Da yawa, kuma nan ne ya kamata a daɗe. *Vice President* a kunne kamar na biyun shugaba ne. A manyan bankunan zuba jari na Amurka kuwa matsakaicin matsayi ne: ana farawa daga *analyst*, sai *associate*, sai *vice president*, sai *director*, sai *managing director*, kuma banki ɗaya yana iya samun ɗaruruwan masu kowane ɗaya daga manyan sunayen nan. Ka ga ke nan a can ko *Managing Director* ba shi ne wanda aka yi bayani a amsa ta 6 ba. *Executive* ma haka: *chief executive* shi ne ƙololuwa, amma *sales executive* sau da yawa ƙaramin ma'aikacin sayarwa ne da bai daɗe da kama aiki ba.

Akwai kuma waɗanda ake rainawa alhali manya ne. *Company secretary* ba mai buga wasiƙu ba ne. Babban jami'i ne da ke kula da bin doka da sha'anin kwamitin daraktoci, kuma a Birtaniya dole ne kowane *plc* ya naɗa shi. Haka nan *assistant manager* mataimakin manaja ne mai iko a hannu, amma *assistant to the manager* mai tsara masa ganawa da takardu ne. *Deputy* mataimaki ne na dindindin, *acting* kuma mai riƙon ƙwarya. *Director* kansa wani lokaci ɗan kwamitin daraktoci ne, wani lokaci shugaban sashe ne kawai da bai taɓa zama a kwamitin ba.

A ganina, wannan ne babban abin da mai koyo zai riƙe: abin da ke rubuce a katin mutum ba ya gaya maka ikonsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Matsayin gaskiya yana bayyana ne idan ka san wa yake kai wa rahoto, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa, da abin da zai iya yanke hukunci a kai ba tare da ya nemi izini ba. Amsa ta gaba ta nuna yadda ake gano haka.

11. Yaya zan tambayi matsayin mutum ba tare da na ɓata masa rai ba?

Tambayi aikin, ka ƙyale girman. *What does your role involve?* tana buɗe bakin kowa. *Who do you report to?* da *How big is your team?* tambayoyi ne na yau da kullum a ofis, babu mai jin haushinsu. Idan ciniki ne ya kai ka kuma kana son sanin mai sa hannu, ka ce *Who signs off on this?* ko, cikin laushi, *Who else needs to be involved in the decision?* Ta biyun ta fi, domin ba ta nuna wa mutumin cewa ka gane ba shi ne mai yanke magana ba. Guji *What is your rank?*, don ta fi kama da ta barikin soja, da *Are you the boss?* Albashi kuwa ba a taɓa shi sam.

Idan ya ambaci muƙamin da ba ka gane ba, kada ka gyaɗa kai kawai. Matambayi ba ya ɓata: *Sorry, what does that mean in your company?* Ko waɗanda aka haifa da harshen suna yi wa juna wannan tambaya, saboda dalilan da aka kawo a amsa ta 10.

12. Me ake nufi da *hierarchical*, *flat* da *matrix*? Ni shugabanni biyu gare ni.

*Hierarchical* tsari ne mai hawa-hawa da yawa, umarni na saukowa daga sama. *Flat* mai hawa kaɗan ne, ƙaramin ma'aikaci na iya isa ga shugaba kai tsaye. An fi ganinsa a ƙananan kamfanoni da sababbi. Manyan kamfanoni kan kasu zuwa *divisions* bisa kaya ko yanki, salon da Alfred Sloan ya shahara da shi a General Motors a shekarun 1920, inda Chevrolet da Buick da Cadillac kowanne ke da nasa shugabanci. Naka shi ne *matrix*: shugaba ɗaya na sashenka, ɗaya na aikin da aka tura ka. Wanda ke duba ƙwazonka ya sa hannu a takardar hutunka shi ne *line manager*. Na biyun ana nuna shi da layin ɗigo-ɗigo a zanen tsarin kamfani, daga nan aka samu jimlar da kake buƙata: *I report to the Head of IT, with a dotted line to the project manager.*

13. Na san kalmomin, amma ana yawan cewa in maimaita. Ina matsalar?

Sau da yawa wajen nauyin gaɓa ne. *Personnel*, wato ma'aikata, nauyinta a gaɓar ƙarshe yake. *Personal* a ta farko. *Executive* da *subsidiary* a ta biyu. *Colleague* a ta farko, kuma ƙarshenta *g* ne mai ƙarfi, in ba haka ba sai a ji *college*. Taƙaitattun sunaye irin *CEO* da *HR* nauyinsu a harafin ƙarshe yake. Sai *p* da *f*, waɗanda bakin Bahaushe ke son haɗewa, ga shi kuwa fagen cike yake da su: *profit*, *finance*, *purchasing*, *staff*. Riƙe 'yar takarda gaban leɓɓanka. A *p* leɓɓa biyu ke haɗuwa iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A *f* haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa iska ta zirara a hankali. Ka kuma kula kada wasali ya kutsa tsakanin baƙaƙe a *branch* da *structure*.

Ba sai ka koma magana kamar ɗan Landan ba. Yawancin masu amfani da Turanci a duniya ba harshen uwarsu ba ne, kuma abin da abokin cinikinka na Indiya ko Koriya yake so shi ne ya ji ka sarai.

14. In ce *Sir*, ko in kira mutum da sunansa?

Ya danganta da kamfanin. A yawancin ofisoshin Amurka da Birtaniya ana kiran kowa da sunansa na farko, har *CEO*, kuma yawan *Sir* yakan sa mutum ya takura. *Mr* da *Ms* suna tafiya ne da sunan dangi, ba da na farko ba. *Ms* ta fi aminci ga mace domin ba ta shafi aure ko rashinsa ba. Jamusawa sun fi riƙe sunan dangi har sai an saba, Japanawa kuma sukan liƙa *san* bayan suna ko a imel na Turanci. Fara da girmamawa, sannan ka duba yadda mutumin ya sa sunansa a ƙarshen saƙonsa, ka bi sahu.

15. Wane mataki nake buƙata, kuma akwai jarrabawa?

Ma'aunin ƙwarewar harshe da aka fi amfani da shi shi ne CEFR, wanda Majalisar Turai (*Council of Europe*) mai mazauni a Strasbourg ta fitar a 2001, mai matakai 6 daga A1 zuwa C2. A B1 za ka iya bayanin aikinka da kamfaninka. Muhawara a taro da sasanta ciniki sun fi son B2. Ɗaya daga jarrabawoyin da aka gina kan Turancin wurin aiki ita ce TOEIC ta hukumar shirya jarrabawa ta ETS, wadda aka fara a Japan a 1979. Ɓangarenta na sauraro da karatu yana da tambayoyi 200, makin ƙoli 990, amma ba ya gwada magana. Gwajin magana jarrabawa ce daban. Kafin ka yi rajista, tambayi wurin da kake neman aiki wacce suke karɓa.

16. Ba ni da abokin hira. Yaya zan yi atisaye ni kaɗai?

Ɗauki takarda ka zana tsarin inda kake aiki: akwati a sama, layuka suna saukowa, naka akwatin a inda yake. Kunna rikodar wayarka, ka bi zanen da yatsa kana bayani na minti ɗaya da aikatau na amsa ta 2. Saurara, ka nemi abu uku kawai: *a* ko *an* da ya zame, *for* da *to* da suka sauya wuri, da gaɓar da nauyi ya faɗa inda bai dace ba. Sake ɗauka. Washegari ka zama wani a cikin zanen, misali shugabar sashen kuɗi, ka amsa tambayoyi huɗun nan na amsa ta 1 da bakinta.

Idan naka ya ƙare, ɗauko na wasu. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna wallafa rahoton shekara a shafukansu na intanet, da sunayen daraktoci da aikin kowannensu. Tallace-tallacen guraben aiki a LinkedIn ma cike suke da *reports to* da *will be responsible for*. Zaɓi talla ɗaya, ka mayar da jimlolinta daga *you will* zuwa *I*, ka karanta da ƙarfi kamar an riga an ɗauke ka, sannan ka kife wayar ka sake faɗa da ka.